Layin Zinariya

Sun shimfiɗa masa jan kafet a Coventry,
sun kewaye shi da igiya,
an rubuta: kada a taɓa.
Ni kuwa na taɓa shi tun yana tsirara,
tun tankinsa na warin fenti,
tun ba a ɗaura masa fitila ba.

Jikana Ewart yana karanto mini allon,
shekara kaza, gudu kaza,
aikin gidan Tranter da 'Ya'yansa.
Na ce, yaro, allo bai san komai ba.
Matso da kujerar nan tawa.

Tsoho Tranter da agogo ya fara,
a wani ɗaki bisa shagon mahauci.
Kasuwar agogo ta mutu, ya koma keken ɗinki,
daga keken ɗinki sai keken hawa,
har ranar wata Lahadi ɗansa Cuthbert,
wanda coci ba ta ganin ƙeyarsa,
ya ɗaure inji a cikin keke,
ya afka kwata da shi, haƙori biyu suka tafi,
ya miƙe yana dariya, jini har haɓa.
Haka babana ya faɗa mini.
Babana dai yakan ƙara gishiri.

Ina 'yar sha biyar na shiga, bayan yaƙi,
rabin rufin faci ne,
bangon gabas baƙi ƙirin da tabon wuta.
Mis Odell ta miƙo buroshi siriri kamar gashin ido,
ta ce, riƙe numfashinki,
da kafaɗa ake jan layi, ba da yatsa ba.
Wata shida ina ɓata gwangwani
kafin ta bar ni na kusanci tanki.

Arba'in a yini.
Baƙin tanki, layin zinariya, a juya, a sake.
Ƙarfe biyar in jiniya ta yi kuka
titi ya cika da ruri har kofuna na rawa a kanta,
cikinsu akwai Wilf mai gwaji,
jarida cushe a ƙirjin riga saboda sanyi,
yatsu sun ƙage, sai na ɓalle masa maɓalli.
Daga ɓalle maɓalli aka kai ga zobe.

Namu na yoyon mai, kowa ya sani,
ana ajiye masa faranti a ƙasa kamar kyanwa.
Muka ce ai halinsa ne.

Sai ga na Japan.
Manya suka sauko daga bene suka zagaye shi,
wani ya ce abin wasan yara,
aka kwashe da dariya.
Maɓalli kawai ake dannawa ya tashi,
ba shuri, ba zagi, ba ɗigo ko ɗaya.
Wilf ya hau shi ya je ya dawo.
Daren nan bai taɓa abincinsa ba.

Shekara bakwai rijiya na ƙafewa
muna ɗora laifi a kan guga.
Ran wata Juma'a aka ba kowa ambulan,
aka sa kwaɗo a ƙofa.
Yanzu kanti ne wurin.
Inda tanderun gasa fenti yake
nan nake sayen ƙwai.

Ewart, sunkuya. Hagun tankin,
inda layin ya karya kwana zai gangara.
Ka ga ɗan tsalle, bai kai ƙwayar shinkafa ba?
Uwarka ce. Ranar ta fara motsi a cikina,
ta harbe ni ina tsakiyar layi.
Mai dubawa bai gani ba, ni ma na ja bakina.

Ga mai gadi nan tafe, ya ga hannuna ya wuce igiya.
Bar shi ya zo.
Da sauran taku shida tsakaninmu,
kuma ƙarfen da sanyi,
kamar dai yadda na san shi da safe.