Sa Hannun Goɗiya

Na zo da farar takarda, na shimfiɗa kan buhun dusa,
layi a miƙe, kusurwa a tsaye,
karatun shekara huɗu ke nan a kwance.
Kawu Namadi ya riƙe ta a juye,
bai damu ya gyara ba.
Ya ce, "Rabilu, wa zai kwana a ciki, kai ko su?"

Filin a Rijiyar Zaki yake,
taku talatin da biyu ta kudu, ta arewa bai kai ba,
katangar mai buga bulo ta cinye masa kafaɗa.
Shanu biyar da maraƙi,
akawal mai cizo,
sai tsohuwar goɗiya da idonta na hagu ya mutu.

Ya ce in durƙusa. Na durƙusa.
Ya ce in dafa ƙasa. Na dafa.
"To, daga nan ake duban barga."

Sai na ga ƙofata ta buɗe baki gabas,
hanyar da hadari ke biyowa ba sallama.
Na ga komin ruwa ɗaya tal na zana,
alhali jan sa in ya kafa kai
maraƙi sai dai ya lashi danshin gefe.
Na ga daɓen siminti sumul kamar faranti,
kyau a ido, karaya a ƙofato.

Muka koma biyun, ni da magogi.

Rufin kwano ya ɗaga kamu uku,
aka sa zana a ƙarƙashinsa
don zafin bazara ya sami inda zai tsaya.
Aka bar taga sama, can kusa da azara,
iska ta shiga ta fita, kada ta bi ta haƙarƙari.
Komin shanu ƙasa ƙasa, don su kai a sunkuye suke ci.
Na akawal daidai ƙirji, bakinsa a shafe,
ba kaifin da zai yanki leɓe.
Rumbun harawa nesa da lema,
ɗan gurbi a bango don kanwa,
turke da turke tsakani
tsawon saniya a kwance tana tuƙa,
da ƙarin hanyar mai shara.

Ana cikin haƙa Inna Ladidi ta leƙo ta kan katanga:
"Fitsarin nan ina zai bi?
In ta ƙofata ne, mu haɗu wajen mai unguwa."
Na sake ɗaukar magogi.
Daɓe ya karkata yamma, kaɗan, yadda ido ba zai kama ba
amma ruwa ya gane.
Rami a kusurwa don taki,
'yan lambu su zo da kura ranar Laraba.

Ɗakin goɗiya shi ya fi ba ni wuya.
Sau uku ina juya shi.
Kawu bai ce komai ba, yana ɓare goro,
har na gane da kaina:
mai ido ɗaya ba a zuwar mata ta duhu.
Ƙofa ta koma dama,
ruwa dama, abinci dama,
bango kawai a hagunta, wanda ba ya motsi.

Ranar da aka zuba daɓen ƙarshe, aka karce shi da tsintsiya,
ragama ta kuɓuce wa yaro.
Ta taho a hankali, ta shinshina bakin ƙofa,
ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗanyen siminti,
ta ɗauke.

Birkila ya zabura da cokalinsa zai shafe.
Kawu ya riƙe masa hannu.
"Bar shi. Mai ɗaki ta duba aiki."

Takardar tana akwatina, ta huje wajen gogewa,
ba hatimin kowa a kanta.
Sawun kuwa yana nan a bakin ƙofa.
In an yi ruwa yakan cika,
tsuntsaye su sauko su sha.