Shaidar Akuya

Ƙarfe tara na dare a Ali Ɗan Sofo,
kabu-kabu sun ragu, mai shayi na kwashe benci,
ni kuwa na ja labule, na kashe fitila da hannuna.
Aikin nan ba ya son wani haske sai nasa.

Wata huɗu ina neman abin da ba shi da fuska:
furotin guda, a saiwar hatsi,
wanda nake zargin shi ke buɗe wa ƙuduji ƙofa
ya shiga gona ya shanye wahalar damina.
Dubban irinsa ne a ƙwayar halitta ɗaya,
cunkus kamar awaki a kara ranar kasuwa,
kowace ja, kowace da ƙaho, wa zai ce ga tawa?

Kakata Tasalla, akuya ba ta taɓa ɓace mata ba.
Ba ta ƙirga, ba ta rubutu.
Tsumman zane take yagowa, bai kai ɗan yatsa ba,
ta ɗaure a wuya.
In garke ya hauro daga Gulbi da almuru
sai ta ce wa Tsayabu: ɗauki aci-bal-bal,
kar ka dubi akuya, dubi tsumma.

Haka na yi.
Na ɗinka wa furotin ƴar wutsiya, gaɓa takwas kacal,
da fatan ba za ta canza masa tafiya ba.
Sannan na aiki mai nema.

A kwalba mai neman ya zo, ba ta kai ta turare ba,
cikin ƙanƙara, ta jirgi zuwa Yamai,
daga can yini guda a mota, sanyi na tsiyaya,
ina bugun waya a kowace tasha:
Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni.
Kuɗinta ya isa sayen san huɗa.
Na karanta takardar jikinta, na yi dariya ni kaɗai:
garkuwar jiki ce, daga jinin akuya aka tace ta,
aka rataya mata ɗigon rini mai amsa kiran haske.
Akuyar wata ƙasa, mai lamba a kunne,
ga jajayenmu nan bayan katanga suna cin kwali.

Na ɗiga. Na lulluɓe. Na jira awa guda.
Na wanke sau uku
don duk abin da ya maƙale bisa kuskure ya saki.
A wanki na biyu wuta ta ɗauke.
Nomau mai gadi ya taso da tari,
ya ja igiyar inji, ya ja, ya ja,
ya yi ashar, ya nemi gafara, inji ya tashi.

Gilashi biyu ne.
Na fara da wanda ban sa wa shaida ba.
Baƙi ƙirin. Alhamdu lillahi.
Ba kowa zai gane godiyar duhu ba:
in wannan ya yi haske, wancan maƙaryaci ne.

Sai na biyu.
Na murɗa, na murɗa, na riƙe numfashi,
sai ga shi, kore shar,
ba a tsakiya inda na rantse zan same shi ba,
a gefe, a jere, bisa bangon ƙwayar,
kamar fitilun masu tuwo a bakin tasha.
Wata huɗu ina laluben ƙuryar ɗaki,
ashe yana zaune a dokin ƙofa.

Ba ya jira.
Kallo cinye shi yake yi;
kowace daƙiƙa da na zuba masa ido, sai ya dusashe.
Na ɗauki hoto uku, na huɗu ya fito toka-toka.

Nomau ya leƙo: Malama, an dace?
Na ce zo ka gani.
Ya sa ido ɗaya, ya rufe ɗaya, ya daɗe.
Ya ce, to, wannan zai kashe ƙuduji?
Na ce a'a, Baba, tukuna.
Mun dai san inda akuyar take kwana.

Ya gyaɗa kai,
ya ce man inji saura kaɗan,
ya koma bakin ƙofa.