Mai Liƙa Fosta a Kakuri

Ni ne Jatau, mai bokiti da buroshi.
Bayan isha'i nake fita,
in dama sitacin rogo da ruwan zafi
kamar mai dama wa jariri kunu,
in bi bangon tsohuwar masaƙa
ina manna fuskokin da ba su taɓa amsa sallamata ba.

Naira hamsin kowace fuska.
Mai murmushi da mai haɗe gira, kuɗinsu ɗaya.

Bangon nan na san shi tun yana tsirara.
Ta ƙofarsa babana ke shiga da jiniyar asuba,
ya fito da auduga a gemu
da albashi a aljihun gaba.
Jiniya ta yi shiru ina aji huɗu.
Yanzu ƙadangaru ke karɓar aikin safe.

Zaɓe biyar na liƙa a kansa.
Sa farce ka ɓanɓare ka gani:
ƙarƙashin mai kawo ruwa
akwai mai kawo wuta,
ƙarƙashinsa mai tada masaƙa cikin kwana ɗari,
can ƙasa kuma na farkon ne dai,
da wata hula, da wata tuta,
lokacin kumatunsa ba su cika ba.

Bango ya yi ƙiba. Mu muka rame.

Mama Rifkatu mai ƙosai a bakin layin dogo
ta ce, wanda ya yage kawo min.
Ta naɗe na ɗari biyu da rabin fuskar ɗan takara,
mai ya ratsa daidai inda aka rubuta Amana.
Baba Sallau, da suka yi saƙa da marigayi mijinta,
ya karɓa ya ce, yau dai ya ciyar da ni.
Kuɗin sallama ɗaya suke jira,
ita ta kai kuka coci, shi masallaci,
takardunsu kuwa suna ofis guda,
gara ɗaya ke cin su.

Ranar zaɓe na bi layi har la'asar.
A gabanmu aka ƙirga, muka ƙirga tare da ƙarfi.
Kafin lamba ta haye gada zuwa cikin gari
ta haihu.
Tawada ta yi kwana tara a farcena,
ta fi alkawarin daɗewa.

Romon dimokuraɗiyya da rediyo ke faɗa,
ni na ga masu shan sa:
akuyoyin unguwarmu,
suna miƙe ƙafa a bango da hantsi
suna cin sitaci haɗe da murmushin.

'Yata Talatu a bayan fosta take lissafi,
littafin kyauta bai iso ajinsu ba.
Jiya ta juya takarda ta karanta gaban,
ta ce, Baba, wannan ya yi?
Na ce bai yi ba.
Ta ce, to a makarantarmu wanda bai yi ba maimaita aji yake.
Na ce, su ma suna maimaitawa, ai shi ne abin.
Ba ta yi dariya ba.

Ta ɗauko guda ɗaya daga kowane zaɓe,
ta rubuta kwanan wata a kusurwa,
ta tura ƙarƙashin katifa.
Na ce, na mene ne?

Ta ce, rasit.
Saura shekara bakwai in yi kati.