Gaiwa a Bakin Taga

A daren da aka kwantar da Inna Ladidi
kusa da tagar da ba ta rufuwa,
bazara ta shanye ruwan ɗan faifan da aka manna mata a ƙirji.
Layin allo ya miƙe sambal.
Muka sa salati, ƙanwata ta zube,
sai ga Inna ta buɗe ido tana cigiyar butarta.
Nas ta ɓare abin, ta murza shi da yatsa:
"Bushewa ya yi. Zuciya lafiya lau."

Tun ranar na ƙulla gaba da bushewa.

Shekara uku ke nan a Tudun Wada,
ɗakin gwaji mai famfo ɗaya da fanka mai tari,
ina dama abin da ba shi da suna a gidanmu.
Ba roba ba, ba ƙaro ba, danginsu dai:
dogayen zare da ido ba ya gani
sun sarƙe kamar komar masunta,
kowace ƙofa ta komar riƙe da ɗigon ruwa,
gishiri na ratsawa ɗauke da saƙon lantarki.

Na farko ya tsage kamar faso.
Na tara ya yi ɗoyi.
Na sha bakwai ya riƙe ruwa amma ya kurmance,
wuta ta yi sallama, bai amsa ba.

Malam Tanimu mai shara ya leƙo:
"Yarinya, ashe gaiwa kike son ƙerawa.
A fadamarmu ta Kangimi in ruwa ya ƙafe
laka take shiga, ta naɗe a yauƙinta,
ta jira damina, ba ta roƙon kowa."

Na ƙara gilisarin,
irin wanda Inna ke shafa wa dunduniya.
Na talatin da biyu na bar shi a bakin taga
tun daga Maris, rana na gasa kwano.

Jiya na ɗauko shi.
Da laushinsa, da sanyinsa, kamar tafin jariri.
Na manna a wuyan hannu, na jona waya,
layin ya hau, ya sauka, ya sake hawa.

Inna ba ta jira ba.
Bara da ƙaramar salla muka raka ta.

Malam Tanimu ya jingine tsintsiya.
"Tana numfashi?"
Na kasa magana.
Na juya masa allon ya gani.