Faɗin Yatsa Ɗaya

Shekara goma sha tara tana kwance ƙarƙashin tamfol
a garejin babana, can arewacin Toledo,
Chevelle 'yar sittin da tara, kalar ɗanyen zaitun,
tayoyinta huɗu sun tsattsage kamar faso.

Na ce, Baba, birkin nan ba ya tsai da ita,
lallashinta kawai yake yi.
Sabon birki kuwa faifai ne mai faɗi,
wili mai inci sha huɗu ba zai haɗiye shi ba.
Sha bakwai muke so.

Casimir Wrobleski, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaure noti a masana'anta,
ya dube ni ta saman tabarau.
"Delphine, tsohuwa za ki sa wa takalmin rawa?
Tayar zamanin nan ba tsoka a gefenta,
rami ɗaya za ki faɗa, ki ji shi a haƙori."

Ban tanka ba. Na riga na biya rabin kuɗin.

Ran Asabar Lamont Pettiford ya tsallako shinge
da tef ɗin awo da tsohon kwali.
Ya yanka kwalin daidai surar taya, ya ɗaura,
ya murɗa sitiyari ƙurewar dama, ƙurewar hagu,
yana kwance a siminti mai sanyi, yana lissafi da leɓe.
"Faɗi ba ya cuta kamar zurfi," in ji shi.
"In wili ya nutse ciki, ƙarfe ya ci shi.
In ya leƙo waje, bodi ya aske shi."

Kwali huɗu suka iso ran da aka fara yayyafin ƙanƙara.
Alminiyam ruwan toka, ƙafa biyar biyar,
robar na ƙamshin sabon abu.
Na gaba suka zauna kamar a nan aka haife su.
Na baya na dama, lafiya lau.
Na baya na hagu,
muna sauke jak sai muka ji ƙiiii.

Lamont ya sake aunawa. Ya sake.
Faɗin yatsa ɗaya ya ɓace a gefen nan,
kuma awo ba ya ƙarya.

Baba ya yi gyaran murya daga kujerarsa.
"Saba'in da huɗu," ya ce. "Bakin gidan rawa.
Ina ja da baya ina kallon uwarki,
turken fitila ya ga damata.
Ni na buge wurin da guduma, na shafa fenti,
har ta koma ga Mahalicci ba ta sani ba."

Ta sani, Baba. Ita ta gaya mini.
Wannan ma ban faɗa ba.

Ya miƙe da ƙyar, ya laluba bayan firji,
ya zaro kulkin besbol na yayana Thaddeus.
Ya cusa shi tsakanin taya da leɓen bodi,
ya ce mu tura motar a hankali,
gaba kaɗan, baya kaɗan,
Lamont na gasa fentin da na'urar busar gashina kar ya fashe.
Ƙarfen ya lanƙwashe a ciki, sannu, sannu,
kamar mai taurin kai da ya gaji da musu.

Noti biyar. Baba ya riƙe mini wuyan hannu:
"Kar ki bi su a jere. Tsallake ɗaya, ki dawo.
In kin matse gefe guda, ɗayan zai yi fushi."

Sai da ƙanƙara ta narke muka fita.
Injin ya yi tari, ya yi gurnani, tagogin maƙwabta suka amsa.
A kwanar bakin kogin Maumee,
inda a da take karkata kamar kwalekwale,
ta riƙe kwalta ƙam.
Na taka birki, ta tsaya inda na ce.

Baba ya dafa gaban mota da tafin hannunsa.
"Har yanzu munana ne," ya ce.
Can kuma: "To, me kike jira? Taka mana."

Tsofaffin wilin suna nan.
Uku a jingine da bango,
ɗaya ya rataye a ƙusa, yana naɗe tiyon ba-ruwa a kai,
kuma ya hana kowa taɓa shi.