Gishiri a Abdera

Tun hantsi suke kan tebur guda,
kofi ya huce, gardama ba ta huce ba.
Ni ce mai shagon, ina ta share kujeru,
kunne kuwa ba shi da murfi.

Haralambos, da alli ya cinye wa yatsu shekara talatin,
ya doka sandarsa a ƙasa:
"A nan aka fara faɗa! Ga kufai can, ku je ku shafa.
Ɗan garinmu ya ce: yanka, ƙara yankawa,
za ka kai inda wuƙa za ta sallama.
Ƙwayar zarra ke nan, sai sarari wayam da take yawo ciki."
Bai ambaci malamin mutumin ba,
wanda da ƙyar jimlarsa guda ta tsallake zamani.

Mridula ta sauke jakar goyonta,
ƙurar hanyar Kalkata ba ta gama barin takalminta ba.
"A wajenmu ma an yi wani mai kalar hatsi,
ya ce akwai ƙwayar da ba ta tsaguwa,
biyu-biyu suke haɗuwa har su zama dutse.
Rashin jinku ba shirunsa ba ne."

Entwistle na Manchester, rana ta gasa masa ƙeya,
ya yi dariya ta hanci:
"Zato ai ba a sayensa.
Namu ya ɗauki sikeli, ya auna iskar da ba a gani,
ya ba kowace ƙwaya nauyinta.
Wanda ya hango barewa daban,
wanda ya shigo da nama gida daban."

Na so in tambaye shi wa ya hura kwalaben,
wa ya wanke su da ruwan sanyi kafin gari ya waye.
Na haɗiye. Kifina na kan wuta.

Sai na tuna turmin uwata.
Ina 'yar shekara shida, ina dakan gishirin gaɓar nan,
na ce, "In na yi ta daka, ina zai ƙare?"
Ta ce, "Zai ƙare in ubanki ya dawo daga teku."
Ta watsa shi a miya, ya ɓace wa ido,
harshe kuwa ya ce yana nan.
Yara nawa suka yi wannan tambaya,
aka ce su tashi su ɗebo ruwa?

Can Mridula ta juya cokali, murya ƙasa-ƙasa:
"Abin da kuke ja a kai, ai an fasa shi tuni.
Birane biyu suka zama toka.
Wannan fa, sunan wa za a rubuta?"

Babu wanda ya doka sanda.
Wata kyanwa ta ratsa ƙarƙashin tebur,
teku ya ci gaba da lasar kufan.

Da la'asar na kawo lissafi, yuro goma cif.
Kowa ya rantse shi zai biya,
aka koma sabuwar gardama,
daga bisani suka yarda a kasa uku.
Uku da talatin da uku, uku da talatin da uku,
Haralambos na ƙirgawa da bakin tsohon malami,
sai ga santi ɗaya ya tsaya tsakiyar tebur,
ja, ƙanƙane, ya ƙi rabuwa.

Suka zuba masa ido su uku.
Na zaro nawa daga aljihun zane, na cika,
na kwashe kofuna.
Gishirin kan tebur ya yi ƙasa, sai na ƙaro.