Jirgin da Ke Shan Ruwa da Gangan

A Porthleven, bayan shagon mai gyaran taru,
akwai garejin Denzil Trevaskis,
ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an sa mata kafaɗa.
Nan na fara ganinsa ƙarƙashin tampol:
mai ruwan ƙwai, dogo kamar giwan ruwa,
kujera biyu, gaba da baya,
farfela a wutsiya, gilashin goshi ya yi yana don tsufa.

Na zagaya shi sau biyu. Na ce, Baba, ai huje yake.
Ga rami a ciki, ga rami a haƙarƙari.
Bari in jawo injin walda, kafin la'asar na toshe.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce, kul ka taɓa. Ta nan ruwa ke shiga.
Don ya cika aka yi shi.

Ni ɗan Yawuri ne. A wajenmu
in jirgi ya sha ruwa, ƙwarya ake miƙa wa yaro,
a cusa tsumma a tsaga, a bi da kwalta.
Ban taɓa jin jirgin da ke ce wa ruwa bisimilla ba.

Matuƙi a jiƙe yake zama,
tulun iska a baya, roba a baki,
sanyin teku har cikin ɓargo.
Ba ya kare ka daga komai, in ji Denzil,
kai ka kawai yake yi.

A bango ya rataye babura uku na ƙarƙashin ruwa,
ba taya, sai mariƙi biyu irin na garma,
ka riƙe, ka danna, su ja ka
kamar yadda ɗan maraƙi ke jan mai igiya.
Ɗaya ya saya shekarar da aka haifi 'yarsa.
Ɗaya ya ƙera da tukunyar kashe gobara
da injin da ya ciro daga tsohuwar mota.
Na ukun na Wilf ne, mai kujerar baya.
Bai ƙara komai a kan Wilf ba.
Ya dai goge mariƙin da bakin rigarsa.

Wata huɗu muna fama.
Gishiri ya cinye wayoyi, batir ya kumbura,
kowane noti sai an lallashe shi da mai kwana biyu,
zobban roba suna karyewa a hannu kamar busasshiyar kuɓewa.
Ranar da farfela ta juya
ta watsar da rasit na shekara talatin a ƙasa,
muka bar su a nan, muka sha shayi a tsaye.

Likita ya hana shi nutso. Zuciya.
Jikarsa Kerensa ce ta shiga gaba.
Jirgin ya ƙi daidaita, hanci ƙasa, wutsiya sama.
Ya ce, a sa darma a kujerar baya,
kilo saba'in da ɗaya.
Ban tambaye shi inda ya samo lissafin ba.

Ruwa ya shiga ta ramukan da na so toshewa,
ya kai mata gwiwa, ƙirji, ya rufe kai.
Ruwan ƙwai ya koma kore, kore ya koma babu.
Saura kumfa, tana tafiya a layi wajen bakin mashigi,
tsoho na bin ta da ido, agogo a tafin hannu,
leɓensa na motsi.

Minti goma sha tara.
Ta fito da yashi a ƙasan jirgi
da wata 'yar ƙaguwa zaune kan darmar.
Denzil ya leƙa, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, to, an samu fasinja.

Kerensa ta tofar da roba, ta nuna ni:
mako mai zuwa a cire darma, kai ne a baya.
Na rasa bakin gaya musu
ɗan Yawuri bai iya iyo ba.

Yanzu duk Talata ina Helston,
a kwamin koyon iyo, ruwa iya cibiya,
tsakanin yara 'yan shekara bakwai,
ina koyon sa fuska a ruwa
ba tare da na rufe ido ba.